Fatar Damisar Baba Ɗanlami

Cikin duk shekarun da na yi ina aikin gandun daji, ranar da ta ƙi fita raina ita ce ranar da oga ya kira ni ofishinsa ya ce an samu damisa a yankin Shanono. Dariya ta ƙwace mini. Na ce, "Ranka ya daɗe, damisa a Shanono? Inda gona ke haɗe da gona, ko zomo ba ya samun wurin ɓuya?" Ya ce ba mai rai ba, fatarta. An kawo ƙorafi cewa wani tsohon baduku, Baba Ɗanlami, yana ɗinka wa 'yan farauta warki da kwari da kuben wuƙa na fatar damisa, yana sayarwa a kasuwar ƙauyensu.

Ku sababbin shiga, ga yadda tsarin yake. Lokacin ina ƙaramin jami'i, aikina zagaya kasuwanni. Akwai namun dajin da doka ta hana a kashe ko a yi cinikin fatarsu, damisa kuwa tana sahun gaba. In ƙorafi ya zo, ba a zuwa da kaki. Rigar gida za ka sa, ka je kamar mai saye, ka gani da idonka. Sai ka tabbatar sannan ka sanar da dagaci, a kwashe kayan a gaban shaidu.

Bayan girbi ne, lokacin da 'yan farauta ke shirin fita. Na tarar da rumfar Baba Ɗanlami can gefen 'yan awaki. Ga ƙahonin barewa an naɗe su da jar fata, ga layu, ga mafici na gashin zabo, can ciki kuma ga warki mai ɗige-ɗigen baƙi a rataye. Na yi sallama, na ce irin wancan nake so.

Tsohon ya daina ɗinki, ya dubi hannuna, ya dubi takalmina.

"Kai ɗin farauta kake yi?"

Na ce e, jefi-jefi.

"A wane daji?"

Na yi 'yan kame-kame. Na tambaye shi ko fatar damisa ce, ya ce, "Abin da idonka ya gani shi ne." Na tambayi inda yake samo ta, ya ce Allah ke kawowa. Wannan amsa ita ta ƙona mini rai. A raina na ce, lallai tsohon nan gogagge ne, akwai masu shigo masa da kaya daga nesa, kuma yau asirinsu ya tonu.

Kasuwar da ta zagayo muka koma da wakilin dagaci. 'Yan farauta suka yi mana zobe, ana ta gunaguni. Wani matashi ya dafa warkin da ke ƙugunsa ya ce duk wanda ya isa ya zo ya kwance. Shi kuwa Baba Ɗanlami sai ya miƙe. Ya naɗe tabarmarsa, ya shiga mota, kansa a sama kamar wanda za a kai ɗaurin aure.

A ofis, kafin a miƙa mutum kotu, dole jami'i ya duba kayan ɗaya bayan ɗaya. Na shimfiɗa warkin a kan tebur, na sa yatsa na buɗa gashin. Daga sama baƙi ne, amma gindin gashin ja. Na buɗa wani ɗigon, shi ma haka. Na yayyafa ruwa na murza, na kai hanci. Wallahi warin akuya ne ya doke ni, irin na turken gidanmu.

Na ce, "Baba, wannan ai akuya ce."

Sai a lokacin na ga tsoro a idonsa. Ya waiga ƙofa, ya ce in rage murya.

Na kira oga, shi ma ya shinshina, ya koma kujera yana dariya har da hawaye. Tsohon bai yi dariya ba. Ya ce rabon da fatar damisa ta gaske ta shigo gidansu tun mahaifinsa na da rai. Da ta ƙare, 'yan farauta ba su daina tambaya ba, don a wurinsu wanda ya ɗaura warkin damisa ya kai namiji. Shi ne yake zaɓen fatar akuya mai gajeren gashi, ya jeme ta da bagaruwa, ya shafe ta da gangamau ta yi rawaya, sannan ya bi ta da kuloko, baƙin rinin dukawa, yana ɗigawa da tsinke.

"Ban taɓa cewa damisa ce da bakina ba," in ji shi. "Su ke faɗa, ni kuma in yi shiru."

Na ce, "Baba, shirun nan naka ai shi ne cinikin."

Oga ya ce doka ba ta hana kowa rina akuya ba, a sake shi, ni kuma in je kasuwa in yi wa jama'a bayani. Nan tsohon ya zube ƙasa. Ya ce gara a rufe shi. In an rufe shi, badukun damisa aka rufe. In kuwa na yi bayani, maƙaryaci ne zai koma gida, kuma 'ya'yansa da jikokinsa a garin za su ci gaba da zama. Tausayinsa ya kama ni. Muka yi sharaɗi: ba zai ƙara ɗinka mai ɗige-ɗige ba, ni kuma na ɗauki amana ba wanda zai ji daga bakina.

Ban yi tunanin yadda abin zai kasance a idon mutane ba. An ga mun kama mutum da fatar damisa da rana tsaka, washegari an gan shi a rumfarsa. Me kuke zato za a ce? Kafin kasuwa ta zagayo magana ta bazu cewa na ci hanci. Har a ofis, in na shigo sai hira ta mutu. Wani abokin aikina ya dubi sabuwar tayar babur ɗina ya ce, "Damisa ta yi albarka." Na haɗiye, amma ranar ko tuwo ban iya ci ba.

Duk wannan da sauƙi. Mahaifina malami ne a wani ƙauye kusa da Tofa, Malam muke ce masa, kuma duk wata nakan aika masa da buhun gero. Wannan karon sai ga buhun an dawo da shi, ko ɗinkin bakinsa ba a kwance ba. Na hau babur na tafi. Na same shi a zaure, na durƙusa na gaishe shi.

Ya ce, "An ce ka kama mutum da abin da doka ta hana, ka sake shi. Gaskiya ne?"

Na ce, "Gaskiya ne an sake shi, Malam, amma ban karɓi komai ba."

"To don me aka sake shi?"

Na ce amana ce, ba zan iya faɗa ba.

Ya ce shi bai ce na ci ba, amma abin da zuciyarsa ke kokwanto a kai ba zai shiga cikinsa ba. Na fito idona ya cika da hawaye. A hanya na zagi kaina, na zagi akuya, na zagi ranar da na je kasuwar nan. Amma ban koma wurin tsohon ba, don na san in na roƙe shi tamkar na ce ya yanka kansa ne.

Ban san wanda ya kai wa tsohon labari ba. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ina zauren Malam tare da dattawan unguwa, ba mai kula ni sosai, sai ga sallama. Baba Ɗanlami ne, da ƙunshi a hammata. Ya gaida Malam, ya ce shi ne badukun da ake magana. Ya kwance ƙunshin: fatar akuya, ɗan kasko, da tsinke. Ya zauna a gaban kowa ya fara ɗiga kuloko. Muna kallo akuya ta fara zama damisa.

Ya ce, "Malam, abin da ɗanka ya gani ke nan. Ni na roƙe shi ya rufa mini asiri. Bai sha ko ruwan gidana ba."

Cikin dattawan akwai masu cin kasuwar ƙauyen su Baba Ɗanlami, kuma ya gan su sarai kafin ya zauna.

Da la'asar Malam ya ce in aiko da geron. Shi kuwa tsohon, labari ya riga shi isa gida. Matasan 'yan farauta suka zo suka zubar masa da warkunansu a gaban rumfa, yara suka sa masa suna Mai Akuya. Daga nan har ya rasu, gyaran takalma yake yi da ɗinkin layu. Duk sanda na bi ta kasuwar nakan tsaya in gaishe shi, mu yi hirar damina da tsadar fata, ba mu taɓa tayar da zancen ba.

Shi ya sa nake gaya muku, zargi shi ne rabin aikinmu, ba mu da yadda za mu yi. Amma kafin ku zargi mutum a gaban jama'a, ku sa hannu ku duba kayan da kyau. Da na buɗa gashin nan tun ranar farko a rumfarsa, da na ja shi gefe mun gama magana mu biyu, da ya mutu da sunansa.