Ranar da Mai Jita Ya Ƙi Ɗaga Wa Haladu Jita

Wata rana, a motar Kaduna zuwa Jos, Allah ya haɗa ni kujera ɗaya da wani dattijo mai taurin kai.

Jita ce rungume a ƙirjinsa cikin wata tsohuwar jaka. Direba ya yi juyin duniya a saka ta a but, dattijo ya ce atafau. Wuyanta kuwa sai zungurar kunnena yake yi.

Kun san ni da gajen haƙuri. Muna wuce Saminaka na ce, "Baba, wannan abar amarya ce da ba za a ajiye ta ba?"

Ya yi murmushi. Ya ce makami ce, kuma gobe za ta yi aiki.

Nan na gyara zama.

Ya ce a zamanin kaset, su huɗu suka kafa ƙungiyar kiɗan rok irin na Turawa a Jos, sunanta Tsatsa. Shi ke kaɗa jita. Kande, mace ɗaya tilo a cikinsu, ita ke riƙe da babbar jita mai gurnani. Istifanus a kan ganguna. Haladu kuma mawaƙi.

Ba kamfani, ba ubangida. A garejin wani makaniki suke ɗaukar sauti, su kwafi kaset da hannunsu, su bi shaguna suna lallashi a karɓa.

Kiɗan nasu ba na biki ba ne. Kaushi gare shi, jita tana kuka tana amsa kuwwa kamar a cikin rijiya ake kaɗa ta, sai ka ji kanka yana juyawa. Unguwa ta sa musu suna mahaukata. Ko a jikinsu.

Doka ɗaya suka yi wa kansu: ba sunan kowa a jikin kaset, ba hoton kowa. Tsatsa kawai. Don kada wani ya ga ya fi wani.

Babbar waƙarsu ita ce "Injin Laranto". Istifanus ne ya yi ta, kiɗa da baiti. Wani tsohon injin niƙa ne a bayan gidansu a unguwar Laranto, mai ɗingishi in yana aiki, shi ya kwaikwaya a kan ganga. Sai kiɗan ya fito da ɗingishin, ba ya sauka inda kunne ke zato.

Haladu akwai murya, wannan ko maƙiyinsa ya sani. Amma duk shekarun nan bai taɓa gane inda ake shiga waƙar ba.

Sai suka yi dabara. In lokaci ya yi, mai jita ya ɗaga wuyan jitarsa sama, Haladu ya faɗo ciki. Ba wanda ya sani sai su huɗu.

Ana nan, rayuwa ta watsa su. Haladu ya tafi Abuja yana waƙar biki da kiɗan kwamfuta. Kande ta koma ɗinki. Istifanus ya yi jinya, ya rasu.

Kwatsam wasu yara suka tsinci tsohon kaset ɗin, suka ɗora a intanet. Abu ya fashe! Har daga ƙasashen waje ana tambaya, su wa ye Tsatsa?

Ba suna a kaset. Ba hoto. Murya ɗaya ce kowa ya gane.

Aka gayyaci Haladu gidan rediyo. Ku ji abin da bawan Allahn nan ya buɗe baki ya faɗa:

"Ai ni ne Tsatsa. Ni na rubuta komai. Sauran 'yan haya ne, ko sunayensu ban riƙe ba."

Ko sunayensu!

Jama'a, a cikin motar nan jinina ya tafasa. Ni da ban san Istifanus ba sai da na ce Allah ya isa. 'Ya'yansa fa a rediyo suka ji an mai da ubansu ɗan haya, ga shi ba ya duniya balle ya kare kansa.

To, sai aka shirya babban wasa a Jos, masu taron suka ce kiɗa na hannu suke so, ba kwamfuta. Haladu ya ɗebo samari suka yi ta fama, waƙa ta ƙi shiguwa. Dole ya nemo lambar dattijon nan, yana wani "ɗan'uwana, a manta baya".

Dattijo ya ce to. Ya kira Kande. Ya zaunar da wani sabon makaɗi ya koya masa ɗingishin ganga. A wajen gwaji kuwa, kullum yana ɗaga wa Haladu jita lafiya lau, har da dariya.

Na ce, "Baba, goben me za ka yi?"

Ya ce in zo in gani.

Ni da son ganin ƙwaƙwaf? Washegari da la'asar ina sahun gaba.

Fili ya cika maƙil. Haladu ya fito cikin farar shadda yana ɗaga hannu, shi ga mai tarihi. Bai gabatar da kowa ba. Ya ce kawai, "Ga waƙata, Injin Laranto."

Ganga ta ɗauka. Kande ta saki gurnani, har a ƙirjina nake jin sa. Jita ta fara kukan nan nata, tsigar jikina ta tashi.

Haladu ya riƙe makirfo, ya ja numfashi, ya saci kallon mai jita.

Wuyan jita yana ƙasa.

Kiɗa ya zagayo. Ya sake kallo.

Yana ƙasa.

Sai ya yi ta maza ya shiga da kansa. Wayyo! Ashe yaran da suka zo kallo sun haddace kaset ɗin tas. Fili ya ɗauka gaba ɗaya, "Ba nan ba ne! Ba nan ba ne!"

Ya haɗiye sauran baitin. Ya yi wuƙi-wuƙi, gumi ya jiƙa shadda sharkaf. Ya matsa kusa da dattijon yana magana ƙasa-ƙasa, ya manta makirfo na hannunsa.

"Ɗan'uwa, don Allah ba ni hanya mana."

Dattijo ya sunkuya kan nasa makirfon, yatsunsa ba su daina aiki ba.

"Ranka ya daɗe, ni ɗan haya ne. Kai da ka rubuta waƙa, ai ka fi ni sanin ƙofarta."

Tirƙashi!

Ihun da aka yi, na rantse har Bukur an ji. Ni kuwa tsalle nake kamar ni aka rama wa.

Haladu ya tsaya ƙiƙam. Gaba ba hanya, baya ba hanya, ga wayoyi sun yi masa caa. Can ya ɗaga makirfo ya ce:

"Waƙar nan ta Istifanus ce. Shi ya yi kiɗan, shi ya yi baitin. Ga Kande nan, ga ɗan'uwana nan. Mu huɗu ne Tsatsa. Ƙarya na yi."

Kande tana kaɗawa hawaye na zuba. Fili ya kama kiran sunan Istifanus.

Kowa ya zaci yanzu za a ba shi hanya. Shi ma ya gyara tsayuwa, ya zuba wa jita ido.

Dattijo ya ci gaba da kiɗansa, ya kai shi har ƙarshe, ya kashe. Haladu bai sake rera ko baiti ɗaya ba.

Da aka tashi na kutsa na same shi yana mai da jita cikin jaka. Na ce, "Baba, ai ya faɗi gaskiya. Me ya sa ba ka ɗaga masa ba?"

Ya ja zif ɗin jakar a hankali. Ya ce, "Ranar da za mu binne Istifanus, ya ce mu jira shi yana hanya. Muka ajiye gawa muna duban titi har rana ta kusa faɗuwa. Bai zo ba. Yau shi ma ya ji yadda jira yake."

Wallahi ban ji tausayin Haladu ba, ko na sisin kwabo. Ku zage ni in kun so.

Darasi: In ka ga kana haskawa, waiwaya ka duba wa ke ɗaga maka hannu a ɓoye. Kada ka goge sunansa, balle na wanda ya riga mu gidan gaskiya. Wanda ya rufa maka asiri shekara da shekaru ba sai ya zage ka ba. Hannunsa kawai zai sauke, a gaban jama'a, ka tsaya kana zare ido.

Ku tura wa abokan tafiyarku na tun farko. In kuma kun san wani Haladu, shi za ku fara tura wa.