Kifin Wuta a Ƙofar Mashaya

Ko yau na ji ƙarar gurup, wato janareta, bagatatan sai na duba ko akwai wani a kan tsani, don akwai ranar da ba za ta bar raina ba sai dai in ƙasa ta rufe ido. Lokacin igiyar wutar nan ta ƴan Sin, mai ƙananan ƙwai cikin roba, ta fara shigowa Konni. Ni ke zane, yayana ke haɗa waya. Wani mai mashaya a hanyar tasha ya ce mu yi masa kifi mai haske, don direbobi su hango daga nesa. Na zana, aka yi waldar ƙarfen, muka lanƙwasa igiyar a kai, shuɗi a jiki, ja a ido. Wallahi ya yi kyau.

Ranar kafawa an ɗauke wuta tun hantsi. Mu kuwa a wurinmu wannan ai dama ce, haka kowa ke aiki. Yaya ya hau tsani, gumi sharkaf, hannu ɗaya riƙe da ƙarfen, ɗayan yana murɗa waya tsirara.

Ashe mai mashayar ya dawo ta baya, ya tarar kwalabensa sun yi zafi, ya tada gurup. Kifin ya kama haske. Na ɗaga kai zan yi murna, sai na ga Yaya ya sandare, haƙora a cije, hannunsa ya ƙi sakin ƙarfen. Na kira shi, shiru. Tsoro ya kama ni. Abin da ya faɗo mini kawai, da wane baki zan gaya wa Inna ɗanta ya cika a ƙofar mashaya?

Na miƙa hannu zan jawo ƙafarsa, sai wata mata da ke suyar kifi a wurin ta hankaɗe ni.

"Kar ka taɓa shi, ku biyu za ta ci!"

Ta ɗauki bencin katako ta maka wa tsanin. Yaya ya faɗo tim. Muka tsaya a kansa muna salati, can sai ya ja wani dogon numfashi.

Ya rayu, amma yatsunsa biyu har yau a naɗe suke, bai ƙara riƙe filaya ba. Tun ranar na san ɗauke wuta ba kashe ta ba ne. Ba na barin kowa ya hau tsani sai na cire waya daga tushe da hannuna, a yi ta ce mini matsoraci.