Gadar da Malam Uzairu Ya Roƙa

Idan ka sauka daga kwalta a wajen Ƙofa ka yanki yamma ta hanyar burji, za ka tarar da wani rafi da ake kira Marke. A ƙetarensa akwai ɗan ƙauye, Gidan Kyauta. Ƙauye dai a suna, don yanzu kangaye sun fi mutane yawa. A nan Malam Uzairu yake, ladanin masallacin garin, jikan Kyautan da ya sari wurin. Dogo ne siriri, kullum yana sauri ko da ba inda za shi. Komai nasa ya tsufa ban da murya. Idan ya kira salla, har rugagen da ke bayan tudu suna ji.

Da rani Marke ba abin kallo ba ne, yashi ne da 'yan kududdufai, ko akuya tana tsallaka shi ba ta jiƙa kofato ba. Amma da damina ta kankama sai ya tuna shi wane ne. Ya cika ya batse, ya yi ta ruri wata da watanni, mai kaya ba ya wucewa, marar lafiya kuwa sai dai addu'a.

Wani abin haushin, rafin nan shi ne iyakar ƙananan hukumomi biyu. Gidan Kyauta na ɗaya, Mararraba kuma, inda kasuwa da makaranta da ɗakin shan magani suke, na ɗayar. Ranar kasuwa, idan mutum ya ɗauko buhun masara, a wannan gaɓar mai rasit zai tare shi ya ce kuɗin fita da kaya. Ya tsallaka, kafin ya sauke numfashi wani ya ce kuɗin ƙasa. Ranar karɓa kowace hukuma ta san hanyar Gidan Kyauta. Amma a ta da maganar gada, sai kowacce ta nuna 'yar uwarta da baki.

Haka mutane suka gaji, suka riƙa zarewa gida-gida suna komawa Mararraba. Sai dai gona ba ta bin mutum. Fadamarsu da jigawarsu suna nan ƙetare, don haka duk shekara, da an ga hadari ya fara haɗuwa a gabas, sai a yi gayyar kadarko. Maza su sari giginya su jera a kan rafin, a shimfiɗa kirare, a zuba jar ƙasa a daddaɓe. Mata su girka dambu a gindin tsamiya, mai gangar noma ya yi ta zuga samari. Kowa ya san kadarkon ba ya kai tsakiyar damina, ruwan marka na zuwa zai tafi da shi. Saboda haka da an gama shi sai a ƙetaro da tukwane da tabarmi da yara, kowa ya gyara tsohon ɗakinsa ya zauna har kaka.

Waɗannan watannin su ne shekarar Malam Uzairu. Masallaci ya cika har a yi sahu a waje, a yi ta rigimar buta, a idar da magariba a zauna hira. Ba ya ma dafa abinci, kwano ke zuwa masa daga kowane gida. Da an kai amfani rumbu kuma rafi ya janye, sai garin ya watse kamar an ci kasuwa. Tun da matarsa Safara'u ta rasu, rani ya zame masa abin tsoro. Yakan wuni bai ji muryar kowa ba sai tasa.

Mutum ɗaya ne ba ya tafiya, Hamman, wani dattijon Bafulatani da rugarsa ke bayan tudu. Azahar da la'asar da magariba zai zo da sandarsa ya jingine a bakin ƙofa. Malam Uzairu ya kira salla, ya ta da iƙama, ya kuma yi limanci, Hamman na tsaye a damansa. Jam'in mutum biyu dai jam'i ne.

'Yarsa Ramla, da ke aure a Ƙofa, ta yi roƙon duniya ya dawo kusa da ita.

"Baba, me ya rage maka a can? Ko zazzaɓi ya kama ka, wa zai sani?"

"Allah zai sani," in ji shi. "Masallacin da kakana ya gina ba zai rasa kiran salla ina raye ba. Ke dai bari a yi gada. Ruwa ne ya kore su, gada za ta dawo da su."

Wannan magana ita ya riƙe, ya kuma yi mata wahalar da ko gonarsa bai yi wa ba. Da yake zuwa da kai ya fi aike, sai ya hau tsohon kekensa ya nufi sakatariyar hukumarsu. Ya wuni a kan benci, a ƙarshe wani mai babbar riga ya saurare shi.

"Ranka ya daɗe, haraji muna biya, gaba da baya ma. Wanda ya ci ladan kuturu ai ya yi masa aski."

"Gaskiya ne, Baba. Amma kasuwar da za ku ai ba tamu ba ce. Masu cin kuɗin kasuwa su ya kamata su yi."

Ya juya keke ya tafi wajen masu kasuwa. Su kuma suka ce, cikin ladabi ƙwarai, mutanen Gidan Kyauta ba a lissafinsu suke ba. Shekaru aka yi ana wannan wasa da shi, har masu gadin sakatariyoyin biyu suka sa masa suna Baba Gada. Idan zaɓe ya matso, sai a zo da motoci da lasifika, a juye tifar tsakuwa a bakin rafi, a aza harsashi, a tafa. Damina ta zo ta kwashe tsakuwar. An aza harsashin nan har mutane sun daina fitowa kallo.

Wata la'asar, bayan sun idar, ya zauna yana ba Hamman labarin yadda garin zai koma idan an yi gada. Hamman ya daɗe yana zane a ƙasa da sandarsa.

"Malam, ni ban san siyasa ba, shanu na sani. Garke ba ya kwana wuri ɗaya sai da shinge. Rafin nan da kake zagi, anya ba shi ne shingenka ba?"

Malam Uzairu ya yi dariya har da tari. "Kai dai Fulani, komai sai kun kai shi ruga. Mutum ai ba saniya ba ne."

Hamman ya ɗauki sandarsa ya kama hanyar ruga.

Dabarar da ta ci ta zo wa Malam Uzairu ne a ranar gayya. Duk da mutane sun koma Mararraba, rajistar zaɓensu tana nan Gidan Kyauta, akwatin ma a gindin tsamiya ake ajiye shi. A shekarar kuma Mujitaba, ɗan marigayi Isa maƙwabcinsa, yana neman kansila. Da aka zauna cin dambu, Malam Uzairu ya miƙe tsaye, ya saki muryar nan tasa.

"Jama'a, sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Bana kada wanda ya kawo mana tsakuwa, ƙuri'armu ta mai yi mana gada ce. Mujitaba, ga ka ga iyayenka. In ka ji za ka iya, faɗa a gabansu."

Mujitaba ya durƙusa ya ce, "Baba Ladan, in Allah ya ba ni, ba zan zauna ba sai an yi."

A yi masa adalci, yaron nan bai ci amana ba. Ya ci zaɓe, ya yi ta zirga-zirga har ya haɗa shugabannin hukumomin biyu a ɗaki ɗaya. Aka raba aikin kamar naman watanda, ɗaya ta yi ginshiƙai, ɗaya ta zuba dandamali. Da aka gama, kowacce ta shafa wa rabinta fentin da take so, ta kafa allonta a gaɓarta. Sau biyu aka buɗe gadar, don babu shugaban da ya yarda ya tsaya a bayan wani. Masu rasit ma suka samu inuwa, kowanne ya kafa tebur a bakin gada. Malam Uzairu bai damu ba. Ya taka ta da ƙafarsa daga wannan baki zuwa wancan, ya dawo, yana share ido da gefen rawani.

Da bazara ta yi, ya shiga shiri kamar mai jiran baƙi. Ya yaɓe bangon masallaci, ya toshe inda ke yoyo, ya sayar da tunkiya ya sayo sababbin tabarmi da butoci. Hadari ya haɗu a gabas. Ba a yi gayya ba, don babu kadarkon da za a yi. Gindin tsamiya ya wuni ba kowa, ya ce a ransa ba komai, sai an yi shuka.

Aka yi ruwan shuka, suka zo kuwa. Da hantsi babura suka riƙa ƙetarowa, mutum biyu-biyu da fartanya a kafaɗa, kowa ya ɗaga masa hannu. Ya tsaya yana duban bayansu ko zai ga tukwane da yara, bai gani ba. Rana na take tsaka sai ga su sun juyo. Ya yi sauri ya kira azahar tun lokaci bai gama nuna ba.

"Sannu Baba Ladan, ma yi a gida," in ji wani, bai ko kashe babur ba.

Me zai sa mutum ya kwana a kango alhali ga gada, ga tuwon gidansa na jiransa? Kafin marka, a-kori-kura ta fara shigowa, masu tsofaffin ɗakuna suna ɓalle kwano da ƙyamare suna kaiwa Mararraba. Abin da a da ba ya ƙetaruwa a kan giginya, yanzu cikin sauƙi yake tafiya. Ranar da aka ɗauke ƙofar gidan Isa, Malam Uzairu ya taya su ɗorawa a mota, don kunya ba ta bar shi ya tsaya kallo ba.

Da ma zai iya tsine wa gadar, da ya ji sanyi. Amma a tsakiyar marka, rafi na ruri, maciji ya sari wani manomi a fadama, aka ɗora shi a babur aka kai shi Mararraba, ya tashi. A da sai dai a haƙa masa kabari a nan. Malam Uzairu ya san gadar alheri ce, ya kuma san shi ya roƙe ta da bakinsa. Wannan ne ya fi ci masa rai, ba shi da wanda zai yi wa fushi.

Hanya ta kawo masu sayen gona daga birni, suka nome har burtalin da shanu ke bi zuwa ruwa. Bayan kaka 'ya'yan Hamman suka ce za su gusa da garke kudu, wajen Doguwa. Hamman ya zo sallar la'asar ta ƙarshe, suka idar, suka daɗe a zaune.

"Hamman, ka faɗa mini, ban ji ba."

"Ban faɗa don in yi gaskiya ba, Malam. Mu yafi juna."

Malam Uzairu ya raka shi har bakin tudu, ya tsaya har ya daina hango farar hularsa.

Kwanakin baya Mujitaba ya biyo ta wurin da baƙi, yana nuna musu aiki. Ya fito daga mota ya durƙusa, fuskarsa cike da murna.

"Baba Ladan, ga gadarka. Yanzu ai sai ka huta. Ramla ma ta ce in roƙe ka, mota har ƙofar gida za ta zo ta ɗauke ka."

"Allah ya yi maka albarka, ka cika alkawari," in ji shi. "La'asar ta kusa, ko za ku tsaya?"

Mujitaba ya duba agogo, ya ce ana jiransu a sakatariya, amma in sha Allahu wani zuwan.

Malam Uzairu ya bi motar da kallo har ta hau gada ta sauka. Ya yi alwala da ɗaya daga cikin sababbin butocin, ya hau ɗan tudun da yake hawa, ya kira salla da dukkan muryarsa, ta ƙetare rafi ta dawo. Ya zauna ya jira gwargwadon yadda mutum zai taho daga bayan tudu. Sannan ya miƙe ya ta da iƙama. Da zai kabbara, sai ya ɗan matsa hagu kamar yadda ya saba, ya bar wuri a damansa.