Rijiyar da Baba ya haƙa

Babana mahaƙin rijiya ne tun yana garin Tawa. Da ya zo Faransa, wani kamfani ya ɗauke shi aiki a wani ɗan gari da ke tsakiyar ƙasar, cikin duwatsun da suka daɗe da daina aman wuta. A can ruwa da zafinsa yake ɓulɓulowa daga ƙasa. Tun kakanni mutanen garin ke jan shi cikin bututun itace zuwa ɗakunansu don ɗumi. Shi kuwa kamfanin so yake ya haƙa da zurfi, ya kamo tururi, ya juya inji a sami wutar lantarki.

Ni da Inna muna garin Stains, nesa da wurin aikin. Baba sai ƙarshen wata yake zuwa, kayansa na warin ruɓaɓɓen ƙwai. Wata rana ya dawo a tsakiyar sati, hannunsa na dama naɗe har kafaɗa. Bututu ne ya fashe, tururi ya dafa shi. Yatsun ba su ƙara lanƙwasuwa ba. Kamfanin ya ce sakacinsa ne, ya sallame shi. Daga nan da hagu yake cin abinci, kuma don kunya ya daina zama kwano ɗaya da baƙi.

Da na girma na tafi Villeurbanne, kusa da Lyon, karatun injiniya. Ran nan wani malami ya kawo mana tarihin garin da Baba ya yi aiki. Ya nuna hoton ma'aikata, sai ga Baba a gefe da hular kwano, yana dariya. Malamin ya ce gwaji ne da bai yi nasara ba. Zafin bai kai yadda aka zata ba, aka cike rijiyar da siminti, yanzu motoci ake ajiyewa a wurin. Na tambaye shi ko wani ya ji rauni a aikin. Ya ce bai sani ba, ya wuce hoto na gaba.

Da hutu na koma gida. Shofaj ɗin benenmu, wato na'urar ɗumama ɗaki, ya lalace, na tarar da Baba zaune cikin rigar sanyi. Muka gaisa, sai ya ce, "'Yar nan, an koya muku rijiyarmu?"

"An koya, Baba."

"Yanzu gida nawa take ba wuta?"

Ashe duk shekarun nan ba wanda ya gaya masa. Abin da yake faɗa wa abokansa a masallaci ke nan, cewa akwai garin da ke haskaka saboda hannunsa. Inna ta zuba mini ido, amma na faɗa masa yadda aka yi.

Can ya ce, "Da siminti?"

Na ce, "I."

Har ya rasu bai sake ambaton garin ba. Ni ma ban taɓa zuwa ba, ko da yake daga Lyon ba wata tafiya ba ce.