Sandunan Mai Buɗe Ruwa

Ƙanena ne ke buɗe wa unguwarmu ruwa. Shekara talatin da ɗaya yana wannan aiki, amma in ka tambayi rabin mutanen layinmu wa ke kawo musu ruwa, sai su ce famfo. Tankin yana can ƙolin dutsen da ke bayan gidaje. Kowace safiya sai mutum ya hau da ƙafarsa, ya buɗe kwaɗon shinge, ya murɗa wani babban ƙarfe mai kama da sitiyarin mota, sannan ruwa ya gangaro. Ya zauna ya jira awa biyu, ya rufe, ya sauko. Mutane suna ce masa Mai Makulli, saboda makullin da ke rataye a wuyansa da igiyar takalmi. Ni kuwa Auta nake ce masa, ko da yake furfura ta cinye masa kai. Ni na goye shi bayan rasuwar mahaifiyarmu, kuma har yau bai yi wayon da zan canja masa suna ba.

Tun da matarsa ta rasu muke zaune gida ɗaya a gindin dutsen, ɗakinsa na kallon nawa. Ba ya hira, ba ya zuwa kallon ƙwallo, ba shi da aboki sai gwangwanin giris. Duk abin da ke motsi a duniya, a wurin Auta ƙishirwar mai yake ji. Ƙyauren gida ya sha, hannun bokiti ya sha, almakashina ya sha har ya ɓata mini yadi. Na taɓa ce masa, da harshena na ƙarfe ne, da tuni ya shafa masa. Ya ce, “Yaya, wannan ai ba ya bukata.”

Bara gwiwarsa ta dama ta fara ƙara kamar tsohuwar kujera. Hawa bai dame shi sosai ba, saukowa ce azaba, musamman wani gangare mai tsakuwa da ke ƙasa da tankin kaɗan, inda ƙafa ke tafiya ba da izinin mai ita ba. Ya ɓoye mini. Sai ranar da na ga gindin wandonsa ya huje, na wanke na biyu na ga shi ma haka, na gane da mazaunai yake saukowa. Ni na gane na yi shiru. Mai askin bakin layi ya hango shi, shi kuwa bai san shiru ba. Ba a yi wata guda ba takarda ta zo daga ofishin ruwa: ranar Alhamis za a turo injiniya ta hau tare da shi, ta ga ko har yanzu yana iyawa. In bai iya ba, a karɓi makulli.

'Yarsa, wadda ke aikin jinya a asibiti, ita ta karanta mana. Ina kallonsa ya kai hannu wuya ya damƙe makullin. Na san mutumin nan. Ranar da aka cire masa wannan igiya, zai kwanta ya juya wa bango fuska, ni ce kuma zan zauna ina kallon ƙeyarsa.

“Baba, sanduna za ka riƙe,” in ji 'yar. “Irin na masu hawan duwatsu. Guda biyu.”

“Sanda? Har biyu? Ni tsoho ne?”

“A'a, jariri ne kai,” na ce. “Shi ya sa kake jan gindi.”

Washegari ta kai mu wani shagon kayan tafiya a bayan tasha, cike da jakunkuna da takalma masu kaurin tayar mota. Mai shagon siriri ne, maganarsa ta fi shi tsawo. Auta ya wuce kai tsaye ya ɗauko wasu masu nauyi kamar bututun ruwa, wai abin da ba shi da nauyi ba shi da amana.

“Baba, sau dubu nawa za ka ɗaga su kafin ka kai tanki?” in ji mai shago. “Kafin gwiwa ta huta, kafaɗa ta mutu.”

Ya miƙo wasu marasa nauyi, kamar ka riƙe kara. Kowace tana da gaɓa uku, wata na shiga cikin wata. Iri biyu ne: akwai wadda ake murɗawa ta kama, akwai mai ɗan kunne a gefe da ake dannawa. Auta ya so ta murɗawa, don murɗa ce sana'arsa.

“Kar ka ba shi,” in ji 'yar. “Baba in ya murɗa murfin kwalba, sai an nemo sifanar makaniki.”

Muka ɗauki mai kunne. Mai shago ya tsayar da shi, ya ja sandar har gwiwar hannunsa ta lanƙwashe daidai kamar kusurwar ƙofa, ya ce wannan tsawon tafiya a fili ke nan. In za a hau, a rage kaɗan. In za a sauko, a ƙara, don sanda ta riga ƙafa isa ƙasa ta karɓi nauyin. Hannu kuma ta ƙasan madaurin ake zura shi, sannan a kama, don wuyan hannu ya ɗauki aikin. Robar bakin a cire ta a kan tsakuwa, tsinin ƙarfen ya ciji ƙasa.

“Abu ɗaya kuma,” ya ce. “Kar a sa musu mai ko kaɗan. In sun yi datti, a zare gaɓoɓin, a goge, a bari su bushe. Da bushewa suke kamawa.”

Ni na ji. 'Yar tana amsa waya. Auta kuwa ya juya yana kallon ƙyauren shagon da ke kuka duk sanda aka turo shi, da irin kallon da ake yi wa maraya.

Akwai lambobi a jikin sandunan, amma ni da lamba sai dai mu gaisa daga nesa, shi kuma idonsa ya daina ganin ƙanana. Na karɓi jan farcen 'yar na ja layi ɗaya a tsawon hawa, layi biyu a tsawon sauka. Kwana huɗu yana fita da su tun kafin mai aski ya buɗe shago. Ranar farko ya riƙa jefa su gaba tare kamar mai tuƙa jirgin ruwa. Zuwa ta uku ya gane: ƙafar dama da sandar hagu, ƙafar hagu da sandar dama. Ya dawo wandonsa lafiya lau. Ban yaba masa ba, kada ya saba.

Ranar Alhamis injiniya ta zo, yarinya ce da ba ta wuce sa'ar 'yarsa ba, da takalmin maza da takardu a hammata. Ta gaishe ni da ladabi, fuskarta kuwa ba a karanta komai a kai. Suka kama hanya. Na shiga share ɗakinsa don hannuna ya sami abin yi.

A bayan ƙofa na ga gwangwanin giris a buɗe. Kusa da shi tsumma, da tsohuwar jarida a shimfiɗe, da shatin dogayen abubuwa biyu na maiƙo a kanta.

Tsintsiya ta faɗi daga hannuna. Wato ya tashi da sassafe ya yi wa sandunan kwalliya don baƙuwa, su riƙa shiga da fita sumul. A hawa ba zai jingina da su sosai ba. A gangaren nan kuwa duk nauyinsa zai ɗora. Na duba taga, ga wayarsa tana caji, wayar da ta fi shi zaman gida. Ina tsaye famfon tsakar gida ya yi tari, ya tofar da iska, ruwa ya zubo. Sun isa ke nan. Saura awa biyu.

Na so in aiki wani, amma in na aika, kafin azahar unguwa ta ji, kuma wa zan aika da ya san cire maiƙo kamar wadda ta shekara sittin a gaban tukwane? Na ƙulle toka da garin sabulu da tsumma a leda, na cika gora da ruwa, na zare sandar abin goge ɗaki, na fita.

“Iya, ina zuwa da sanda?” in ji mai aski daga bakin shagonsa. “Ko ke ma an kira ki gwaji?”

“Bakinka zan je nemo wa murfi. An ce akwai manya a sama.”

Rabona da dutsen nan shekara ashirin. Ban san ya ƙara tsawo ba. Taku goma, in tsaya. Ƙirjina kamar ana daka a ciki, bakina ya bushe, ga ruwa a hannuna ba na iya sha don na wanke sanduna ne. Duk inda na tsaya sai in ga Auta a idona ya wuntsulo, kansa ya bugi dutse, yarinyar nan tana tsaye tana rubutu. Sai in ce wa ƙafafuna, ku tashi, munafukai, a gida kwa mutu.

Ina isa gindin gangaren tsakuwa, suna fitowa daga shinge a sama. Na ga ya tsaya ya ja sandunan zuwa layi biyu, ya danna kunnuwan, ya zura hannu ta ƙasan madauri, komai daidai kamar ɗalibin kirki. Na buɗe baki in kira shi, iska kawai ta fito. Ya kafa ta dama a gabansa, ya jingina. Sandar ta shige cikin kanta kamar wuyan kunkuru. Ya tafi gaba, ya juya, ya faɗi ta gefe, tsakuwa ta ja shi kamar tsawon tabarma biyu kafin wani ɗan kurmi ya tare shi.

Sai a lokacin muryata ta dawo. “Auta! Kar ka motsa, shashasha!”

Ya ɗago kai. “Yaya? Me ya kawo ki nan?”

“Shan iska! Ka karye?”

“A'a.”

“To saura ni in karya ka. 'Yata, kawo mini sandunan nan.”

Injiniya ta dube shi, ta dube ni, ta karɓo su ta gangaro a hankali. Tana miƙo mini, ta kalli tafin hannunta baƙi ƙirin. Na zauna a kan dutse na zare gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya, na ba ta ta riƙe. Toka da fari, sabulu a bayanta, na cusa tsumma a cikin bututun da tsinke na murza har ya fito fari. Sau biyu gaɓa na suɓuce mini.

“Iya,” ta ce a hankali, “dole in rubuta abin da na gani.”

“Rubuta mana, ai aikinki ne. Amma kin ga ya iso ƙasa? To ba ki gama gani ba.”

Ta miƙo mini gaɓoɓin. Na goge su da gefen mayafina, na jera a kan dutse mai zafi. Wannan jiran bushewar ya fi hawan wuya. Shi yana can sama a zaune, hannu a kan makulli, bai ko kalle mu ba. Da suka bushe na mayar, na ja zuwa layi biyu, na danna. Na kafa ɗaya na kwanta a kanta da duk ƙibata. Ba ta motsa ba. Ta biyu ta ɗan zame, sai injiniya ta ciro makullin motarta ta ƙara ɗaure 'yar ƙusar da ke jikin kunnen. Na sake kwantawa. Ta tsaya.

Ta kai masa. Ya miƙe da ƙyar, gwiwar hannunsa na jini. Ya kafa ta hagu, ya tsaya, ya ƙi jingina.

“Ɗora nauyinka!” na daka masa tsawa. “Ta ɗauke ni, kai me kake aunawa?”

Ya ɗora. Sanda, ƙafa. Sanda, ƙafa. Tsakuwa na gudu a ƙarƙashinsa, tsinin ƙarfen na cizo. A tsakiya ƙafarsa ta dama ta zame, na runtse ido. Da na buɗe, yana tsaye a kan sanduna biyu kamar tebur. Ban san na cije leɓena ba sai da na ji gishiri. Da ya iso gabana, zufa na ɗiga daga gemunsa, abin da ya fara cewa shi ne, “Sun yi tauri yanzu wajen ja.”

“Haka ake so, ɗan nema.”

Injiniya ta daɗe tana rubutu. Sannan ta ce ta zagaya tankuna da yawa, ba ta taɓa murɗa ƙarfen da ya kai nasa laushi ba, ta ga aikin giris ɗin a inda ya dace. Makulli zai zauna a wuyansa, da sharaɗin ba zai ƙara hawa ba sanduna ba. Bayan wata shida za ta dawo su sake hawa, faɗuwar yau kuma ta rubuta ta.

Da muka tashi saukowa, ƙafafuna suka ce sun gama aiki. Auta ya miƙo mini sanda ɗaya. Na ce ya riƙe kayansa, ba a raba su. A kafaɗar injiniya na sauko, ina ba ta labarin almakashina.

Gwangwanin yanzu yana ƙarƙashin gadona. In zai kai shi tanki, ni ke ɗebar masa a murfin kwalba, in shinshina sandunan kafin ya fita. Saura wata huɗu yarinyar ta dawo, gwiwar kuma ba ƙuruciya take komawa ba. Kowace safiya famfo na yin tari ya gaya mini ya isa sama. Saukowa ba ta da mai ba da labari. Sai in ja kujera bakin ƙofa in zauna, ba na jin gaisuwar kowa, har sai na jiyo ƙwas, ƙwas, ƙwas a kan simintin layi. Sannan in tashi da sauri in shige ciki, kada ya tarar da ni a nan ya ɗauka jiransa nake.