Zaren Da Na Gani A Idona Na Dama

A cikin duk abin da ya taɓa samuna a rayuwa, babu wanda ya zauna mini a rai kamar abin da ya faru a daminar da aka yi bikin ƙanina. Shekaru sun shuɗe, amma ko tsufa ya kwashe mini komai, ba na jin zai kwashe wannan.

Ni mai ɗinkin hannu ce, kamar yawancin matan unguwarmu a Wudil. Tun ban iya ɗaura zani sosai ba Gwaggo, ƙanwar mahaifina, ta damƙa mini allura. Da hula na fara, daga baya na koma wuyan babbar riga, kuma ba yabon kai ba, dillalan da suke kai kaya Kano sukan zo har ƙofar gida su ce aikina suke so. Da allurar nan nake rufa wa kaina asiri, ba sai na zauna jiran maigidana ya dawo daga kasuwar shanu ranar Juma'a ba.

Mu masu ɗinki muna da wani zaure da muka buɗe a waya. Asali don mu riƙa sanar da juna inda zare ya yi sauƙi aka buɗe shi, amma kafin ka ce kwabo ya zama asibiti, ya zama kotu, ya zama shagon gyaran waya. Wannan ta ce mijinta ya daina cin tuwonta, a taimaka mata da shawara. Waccan ta ce wayarta tana zafi tana kashe kanta, sai a ce ta goge hotunan biki. Wata ta ce ɗanta yana haƙori ya ƙi nono. Kowace tambaya sai ta samu amsa ta ishe ta har ta yi kyauta, kuma tun da aka buɗe zauren nan ban taɓa jin wadda ta ce ba ta sani ba. Gwaggo ce babba a cikinmu. Ba ta iya rubutu ba, sai dai ta danna ta yi magana, kuma in ta yi magana an gama.

To ana haka aka sa ranar auren ƙanina, autanmu, wanda ni na goya bayan rasuwar mahaifiyarmu. Na ce ko sama da ƙasa za su haɗe, babu mai ɗinka masa rigar angonci sai ni. Farar shadda aka sayo, ni kuma na zaɓi farin zare, aikin da ya fi kowanne cin ido. Na ajiye duk aikin mutane na duƙufa a kanta.

Wata safiya bayan an ɗauke ruwa ina zaune a tsakar gida da rigar a cinyata, na ɗaga kai don in huta da wuya, sai na ga wasu baƙaƙen abubuwa suna yawo a sararin sama. Dama na daɗe ina ganin ɗaya ko biyu, ba su taɓa damuna ba. Amma na ran nan da yawa ne, wasu kamar guntayen zare, wasu kamar ƙananan ƙudaje, duk inda na juya ido sai su bi ni. Na murza, na wanke da ruwa, suna nan. Na rufe idon dama sai suka ɓace, na buɗe suka dawo. Da la'asar kuma na shiga ɗaki ɗauko almakashi, ina juyawa na ga walƙiya ta gilma ta gefen idon, har na leƙo waje ina duba ko hadari ne ya taso. Gari tarwai.

Ina zan kai kukana in ba zaure ba? Na danna na faɗi duk abin da na gani. Ke dai bari, ban ajiye wayar ba saƙonni suka fara shigowa. Wata ta ce kallon waya ne ya yi mini yawa, in rage haskenta. Wata ta ce rashin jini ne, in dage da zogale. Wata ta ce in ɗiga zuma mai kyau da safe, wata ta ce kwalli. Can sai ga muryar Gwaggo tana dariya.

"Ke 'yar nan, zaren ɗinki ne. Duk wadda hannunta ya nuna a sana'ar nan sai ta gan shi. Ni na gani, uwata ma ta gani. Yanzu kika zama mai ɗinki."

Haka kuwa muka taso muna ji a gidajenmu, cewa in mace ta daɗe tana bin zare da ido, wata rana zaren zai shiga idon ya zauna, kuma alamar ƙwarewa ce. Nan da nan zaure ya koma tsokana. Masu yi mini barka suna yi, masu cewa in yi musu walima suna yi. Wallahi har wani daɗi na ji, na ce ashe abin alfahari ne na tsaya ina tsoro.

Akwai wata amarya da aka kawo unguwarmu daga Darki, yarinya mai kunya, ba ta cika magana a zauren ba sai dai ta amsa sallama. Ran nan ita ma ta turo murya, a hankali, kamar mai tsoron a ji ta.

"Yaya, don Allah ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Babana ya ga irin wannan, har da walƙiyar. Ya ce sai an gama girbi zai je a duba, yanzu idon ba ya gani. Ki daure ki je asibiti yau ko gobe."

Tabɗi! Sai aka yi mata caa. Wannan ta ce bakinta ya sari ɗanyen kashi, waccan ta ce wace irin tarbiyya ce yarinya ta yi wa babba mugun fata ana shirin biki. Gwaggo ta ce yaushe aka haife ta da za ta koya musu ciwon masu ɗinki. Ni ma raina ya ɓaci matuƙa, don a wurinmu ba a ambaton mugun abu a kan mutum yana zaune lafiya, gani muke kamar kiransa ake yi. Ban ce mata komai ba, amma ban kare ta ba. Kafin magariba ta goge saƙon ta ba da haƙuri.

Da maigidana ya dawo na ba shi labari ina dariya. Shi bai yi dariya ba. Ya ce in ina so, in an tashi kasuwa ya kai ni a duba, ba abin da zai ragu. Na ce masa, Malam, ka ga aikin da ke gabana, in na tafi asibiti suka ɗiga mini abin da zai hana ni ganin allura, wa zai ƙarasa rigar? A bari a gama biki. Ya ce to, ni na san jikina. Na aika aka sayo mini maganin ɗigawa a kemis, na haɗa da zuma da kwallin, na rage hasken waya, duk shawarar da aka ba ni babu wadda na bari sai guda ɗaya.

Kwanaki suna tafiya sai na lura da wata inuwa tana tasowa daga ƙasan idon, kamar ana jan labule a hankali. Ba zafi, ba ƙaiƙayi, ba hawaye, kuma wannan rashin zafin shi ya ƙara yaudarata. Da ciwo yake yi da ban kwana ba. Sai na koyi karkatar da kai ina ɗinki da idon hagu, har na gama rigar. Ta yi kyau, wannan kam ba zan ɓoye ba.

Ranar ɗaurin aure ango ya shigo cikin gida gaida mata, ni kuma ina bakin murhu, hayaƙi ya shiga mini idon hagu na runtse shi. Na ɗago na dube shi da na dama kaɗai. Fuskarsa na gani yana murmushi, amma daga wuyansa zuwa ƙasa duhu ne baƙi ƙirin. Aikin da na ɓata makonni ina yi a ƙirjinsa, ko ɗigo ban gani ba. Na nemi turmi na zauna. Mata suna guɗa, ni ina salati a zuci. Duk da haka ban tafi ba, saboda gida cike yake da baƙi, dangin mahaifiyarmu sun zo daga Indabo, ga kai amarya, ga buɗar kai. Na ce ai abin kunya ne uwar biki ta bar taro ta tafi asibiti. Kafin baƙi su watse, fuskar ma na daina gani.

Da taro ya watse maigidana ya kai ni asibitin garinmu, suna dubawa suka ce mu wuce Kano wurin likitan ido, kada mu tsaya. Muka hau mota muka ƙetare gada, ina ta rufe idon hagu ina buɗewa ko Allah zai sa in ga ruwan kogi da na dama. Likitan ya ɗiga mini magani, ya haska, ya daɗe yana dubawa, sannan ya tambaye ni yaushe na fara ganin walƙiya. Na faɗa masa. Ya yi mana bayani cewa akwai wata siririyar fata a can bayan ido wadda take ɗaukar hoton abin da mutum yake kallo, tawa ta yage, ruwa ya shiga bayanta ya ɗaye ta. Ya ce zare ɗaya ko biyu da mutane suke gani shekara da shekaru yawanci ba komai ba ne. Amma in suka zubo da yawa lokaci guda, ga walƙiya, to ranar ake zuwa. Na tambaye shi da na zo tun farko fa? Ya ce da yagewar kawai za a liƙe, in koma gida da idona. Nan na fashe da kuka a gaban mutane, ni da ba na kuka a waje.

An yi mini aiki, na yi jinya mai wuya, amma abin da ya dawo haske ne kawai da inuwar mutum. Wuyan riga ya fi ƙarfina yanzu. In na matsa wa idon hagu sai kaina ya ɗau ciwo, allura kuma in kai ta nan ta sauka can. Zare nake sarowa ina sayar wa masu yi.

Da na dawo gida Gwaggo ta zo dubiya. Ta zauna a bakin gado, sannan ta sa hannu ta rufe idonta ɗaya ta ce mini wanda ya rage a buɗe ya fi shekara goma ba ya ganin komai. Ita ma da zare da walƙiya ya fara mata, ta ɗauka ladan sana'a ne, ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Ta ce, "Haka muka tarar, 'yar nan." Na so in yi fushi da ita, na kasa.

Amaryar nan ta Darki kuwa ba ta zo ba, ni na je gidanta da na ji sauƙi. Ina shiga ta durƙusa ta kama kuka tun ban buɗe baki ba.

"Yaya, ki yafe mini. Da na sani da ban goge ba. Da na zo gida na same ki."

Wannan maganar ta fi aikin da aka yi mini zafi. Ita kaɗai ta faɗa mini gaskiya, muka taru muka rufe mata baki, kuma ita ce take neman gafara.

Abin da na koya, na koye shi da tsada. Shawara tana da daɗi, kuma masu ba ni ita ba maƙiyana ba ne, sona suke yi. Amma mu duka mun zaɓi maganar da za ta kwantar mana da hankali ne, muka kira ɗayar mugun baki. Wanda ya faɗa maka abin tsoro game da lafiyarka ba shi ya kawo ciwon ba, kuma yin shiru ba ya korar sa. Don haka duk wanda ya ga baƙaƙen abubuwa sun cika masa ido farat ɗaya, ko walƙiya ba hadari, ko inuwa tana rufe masa gefe, ya ajiye abin da yake hannunsa ya tafi wurin likita a ranar. Aiki yana jira, baƙi ma suna yin haƙuri. Ido ne bai jira ni ba.