Imbuga, Mai Goge Zagin Mamata

Khakasa ta fara jin sunan Imbuga ne a bakin matan da ke tuƙa ugali, tuwon masara, ranar jana'izar kakarta. "Imbuga ya sa hoton," in ji ɗayarsu, sai duk suka rage murya. Ashe kawunta ne na nesa, mai gyaran rediyo a kasuwar Butere, kuma shi ke riƙe da shafin intanet da ake sanar da mutuwa a yankin.

In an yi rasuwa, dangi su kawo hoto ya ɗora. A ƙarƙashin hoton wasu su yi ta'aziyya, wasu kuma su amayar da abin da suka daɗe suna haɗiyewa. Irin waɗannan yake bi yana gogewa kowace safiya, shayinsa na hucewa a gefe.

"Kawu, ai ba kai ka rubuta ba," ta taɓa ce masa, lokacin da ta fara zuwa shagon bayan ta gama sakandare.

"A tsakar gidana aka tsaya aka faɗa, 'yar nan. Ko a makoki in mutum ya fara sakin baki, dattijo ke karɓe lasifika."

Da wani tsohon hedimasta ya rasu, Ayuma mai sayar da ganye ta rubuta abin da ya yi wa 'yarta. Babu zagi ko ɗaya a ciki. 'Ya'yan mamacin suka zo shagon da fushi, Imbuga ya goge. Ta sake rubutawa, ya sake gogewa. Washegari ta tsaya a bakin ƙofarsa da kwando a ka.

"Kana karantawa kafin ka goge?"

"Ina karantawa, Mama."

Ta jinjina kai ta wuce. Da damina Ayuma ta rasu, kuma ba wanda ya kawo hotonta.

Tun daga nan, duk hoton da ya ɗora, sunan Ayuma ne ke fara bayyana a ƙasa, ba kalma ko guda. Ya goge, ya dawo. Ya je ya tambayi 'yar Ayuma, ta ce wayar uwarta tana aljihun rigar da aka binne ta da ita. Imbuga ya daina taɓa sunan. Abinci ma ya daina shigar masa.

Makon jiya shi ma ya bi Ayuma lahira. Khakasa ce ta ɗora hotonsa, don ita kaɗai ya ba mabuɗin shafin. Ba ta ko ajiye wayar ba sunan ya fito, wannan karon da rubutu mai tsawo a ƙarƙashinsa.

"Goge shi kafin dangi su gani," in ji mahaifiyarta.

Khakasa ta kife wayar a cinyarta. Akwai abin da ya roƙe ta wata rana yana ɗaure bayan rediyo, bai ko ɗago kai ba: "Ranar da kika sa nawa, abin da matar nan ta rubuta ki bar shi. Ki karanta mini a bakin kabari, yadda kowa zai ji."